Keke, Cinya da Awon Tela

Ƙannena mata, da ku nake. Wata a cikinku tana karatu a ƙasar da kowa ke zuwa aji a kan keke, amma tana ta jan ƙafa wajen sayen nata. Wata tana jami'a a nan gida, tafiyar ƙasa daga ɗakin kwana zuwa ajin lacca ta ishe ta. Wata kuma likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki, aka sayo mata keken nan na tsaye da ake takawa a ɗaki, har yau ba ta hau ba. Da zarar an yi maganar hawa, tsoro iri biyu ke fitowa, kuma kishiyoyin juna ne. Mai tsoro na farko ta ji an ce keke yana kumbura cinya, ta murɗe ta yi tauri irin ta maza, har siket ya ƙi wucewa. Mai na biyu kuwa, wadda irinta ta fi yawa a wajenmu, tsoronta kada ta zube, cikar da take jin daɗinta ta tafi, ranar biki atamfa ta ƙi zama a jikinta.

Dukkanku kun ba keke ikon da ba shi da shi. Zai taɓa jikinki, wannan babu musu, amma taɓawar kaɗan ce, a hankali take zuwa, kuma mafi yawanta alheri ce. Abin da ke damuna shi ne in ga yarinya mai lafiya ta bar abin da zai ƙara mata ƙarfi da numfashi saboda wani siket da aka ɗinka mata bara. Siket ana sake shi, ana ƙara masa ƙyalle, ana ɗinka wani. Ƙafafun nan biyu kuwa su ke nan, da su za ki tsufa in Allah ya ba ki yawan rai.

Bari mu fara da abin da ke cikin cinyar. Akwai ƙashi a tsakiya, shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin ɗan Adam. Tsoka ta kewaye shi: manya huɗu a gaba masu miƙe gwiwa, wasu a baya masu lanƙwasa ta, wasu kuma ta ciki. A saman tsokar, ƙarƙashin fata, akwai kitse. Faɗin ƙashin kwatangwalo da tsawon ƙafa gado ne, babu keken da zai ƙara su ko ya rage su. Shi ma kitsen, wurin da yake zama a jikinki ba ke kika zaɓa ba. Daga lokacin balaga, sinadarin istirojin da jikin mace ke samarwa yana tura kitse zuwa mazaunai da cinyoyi, ajiya ce da jiki ke yi don ɗaukar ciki da shayarwa. Shi ya sa za ki ga gida guda, uwa da 'ya'yanta mata da 'yan uwanta duk ƙirarsu ɗaya, ko da wata tana noma wata tana zaman ofis. Yarinyar da ta fara hawan keke tana shekara 13, ta kai 16 ta ga cinyarta ta cika, ba keken ne ya cika ta ba. Girma ne ya zo, kuma da ta hau da ba ta hau ba zai zo.

Saura tsoka, ita ce kaɗai keke ke magana da ita kai tsaye. Tsoka tana ƙara kauri sosai ne idan aka ɗora mata nauyin da ba za ta iya maimaitawa da yawa ba, irin wanda bayan ɗagawa 10 ko 15 sai ta gaza. Hawan keke na yau da kullum akasin haka yake. Ƙafarki tana juya feda sau 60 zuwa 90 a minti ɗaya, wato sau 3,600 zuwa 5,400 a awa guda, kuma kowane juyi ba shi da wani nauyi. Irin wannan aikin juriya yake koya wa tsoka: ƙananan hanyoyin jini su ƙaru a cikinta, ta iya amfani da iska sosai, ta daɗe ba ta gaji ba. Dubi matar da ta yi shekaru tana dakan gero safe da yamma. Damtsenta a ɗaure yake, yana da ƙarfin da zai ba ki mamaki, amma hannun rigarta bai yage ba. Haka cinyar mai zuwa makaranta ko kasuwa a kan keke take zama.

Sannan ga sinadarin testostiron, wanda shi ne babban mai gina tsoka. Abin da ke yawo a jinin namiji baligi ya kai kusan ninki 15 na wanda ke jinin mace. Ba cewa nake mace ba ta gina tsoka ba. Tana ginawa, kuma gwargwadon abin da ta fara da shi tana ƙaruwa kusan yadda namiji ke ƙaruwa. Amma da ƙaramar tsoka ta fara, don haka ƙarin da take samu a ido ba shi da yawa, kuma kitsen da ke rufe da ita yana sa murɗewar ba ta fitowa fili.

To daga ina tsoron ya samo asali? Daga hotuna. A lokacin wasannin Olamfik na Landan a 2012, hoton cinyoyin wani ɗan tseren keke Bajamushe, Robert Förstemann, ya zagaya duniya, kowace ɗaya kewayenta ya haura santimita 70. Har yau shi ake turawa a waya idan ana son tsorata mutum. Abin da ba a faɗa shi ne, Förstemann ɗan gajeren tsere ne a cikin zagayayyen filin katako, inda ake ƙare komai cikin daƙiƙoƙi, kuma babban ɓangaren horonsa a ɗakin ɗaga ƙarfe yake yi, yana tsugunawa da nauyin da ya wuce kilo 200 a kafaɗa. Matan da suka yi fice a wannan fanni, irin su Kristina Vogel ta Jamus wadda ta ci zinare a Riyo a 2016, da Anna Meares ta Ostareliya, su ma da gangan suka gina cinyoyinsu, shekara da shekaru, da ƙarfe da abinci na musamman da masu horarwa. Kuma tun farko masu irin wannan ƙirar ne wasan ke zaɓa. Ki ajiye hotonsu kusa da na Annemiek van Vleuten ta Holan, wadda ta lashe babban tseren mata na zagayen Faransa a 2022, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 cikin kwana 8, har da hawan duwatsu. Siririya ce. Idan yawan taka feda ne ke kumbura cinya, da ita ce za ta fi kowa. A Najeriya ma muna da Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci ƙasar a tseren keke a Olamfik na Faris a 2024, ta shiga na titi ta kuma shiga na cikin fili. Ita sana'arta ke nan. Ke da za ki yi minti 30 zuwa makaranta ba hanyarku ɗaya ba.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ma ba ta 'yan wasa ba ce. A Holan yawan kekuna ya fi yawan mutane, kusan miliyan 23 ga al'ummar da ke wajen miliyan 18, kuma mata sun fi maza yawan yin tafiye-tafiyensu a kan keke. Tun suna yara suke hawa har su yi furfura, da kayan cefane a gaba da yaro a baya. A cikinsu akwai dogaye da gajeru, masu jiki da sirara, masu faɗin ƙasa da marasa shi, kowace da ƙirar gidansu.

Ga abin da ya kamata ki sa rai da shi idan kin fara. A makonnin farko, musamman bayan kin sauka, cinyar za ta yi miki nauyi, ta ɗan cika, wando ya ɗan kama ki. Jini ne ya taru a tsokar da ta yi aiki, kuma tsokar da ta fara samun horo tana ƙara ajiyar sukari, wanda kowane giram ɗinsa ke riƙe kusan giram 3 na ruwa. A nan ne da yawa ke firgita su ajiye keken, alhali cikar bayan sauka cikin 'yan awanni take sacewa, sauran kuma ba ya ci gaba da hauhawa. Bayan wata biyu ko uku, siririyar da ba ta taɓa motsa jiki ba tana iya ganin gaban cinyarta da mazaunanta sun ɗan ƙaru sun tsaya da kyau. Mai jiki kuma, idan ba ta ƙara cin abinci ba, tana iya ganin ta ɗan faɗa. Sai dai jiki ba ya ɗebo kitse daga wurin da ke aiki kawai. Daga ko'ina yake ɗiba, kuma a wajen mata da yawa na ciki da na ƙugu ke fara tafiya, na cinya da mazaunai shi ne mai taurin kai. Wannan amsa ce ga mai tsoron zubewa: abin da aka fi gani shi ne ƙugu ya ɗan shiga, ƙasa ya tsaya yadda yake. Sikeli kuma yana iya ƙin motsi gaba ɗaya, domin tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya ne. Wata ma ba za ta ga komai a madubi ba, sai dai ta lura ta hau bene hawa uku ba ta yi haki ba.

Ina so ku daina kallon cikakkiyar cinya a matsayin aibi, ku kuma daina kallonta a matsayin ado kawai. Ma'ajiyar lafiya ce. Tsokokin jiki su ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, kuma manyansu a cinya da mazaunai suke. A 2009 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga binciken Berit Heitmann da Peder Frederiksen na Danmak. Sun bi mutum 2,816, maza da mata, sama da shekara 12, suka ga waɗanda kewayen cinyarsu bai kai santimita 60 ba sun fi fuskantar ciwon zuciya da mutuwa da wuri, kuma wuce 60 ɗin bai ƙara wata kariya ba. Kada wata ta ɗauko tef ta auna kanta ta shiga damuwa: manya ne 'yan Turai aka auna, kuma irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba hukunci yake yankewa a kan mutum ɗaya ba. Amma ya isa ya nuna cewa ramammiyar cinyar da wasu ke nema ba ita ce alamar lafiya ba. A 2017 kuma masu bincike na Jami'ar Glasgo sun duba mutum sama da 260,000 a Birtaniya na kimanin shekara 5, suka ga masu zuwa aiki a kan keke haɗarin mutuwarsu a wannan tsakanin ya yi ƙasa da kashi 41 cikin 100 idan aka kwatanta da masu zuwa a mota ko bas.

Ki dubi kakarki idan za ta tashi daga tabarma, ko ta miƙe daga sujada. Abin da ke sa wata tsohuwa ta tashi da kanta, wata kuma sai an kama ta, galibi ƙarfin tsokar gaban cinya ne da lafiyar gwiwa. Daga wajen shekara 30 tsoka ke fara raguwa a hankali ga wanda ba ya amfani da ita. Abin da kika tara yanzu, shi za ki ci a lokacin.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi keke haɗari nesa ba kusa ba, kuma 'yan mata na shiga cikinsa ba tare da tsoro ba: magungunan ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu deksametazon ne, maganin da likitoci ke bayarwa don kumburi da asma da wasu cututtuka masu tsanani, na ɗan lokaci kuma da lissafi. Wadda ta daɗe tana shansa, fuskarta za ta yi faɗi ta kumbura, ciki ya fito, kitse ya taru a bayan wuya, fata ta yi laushi ta tsattsage. Cinyoyin da take son cikawa kuwa su ne ke ramewa, domin maganin yana cin tsokar cinya da ta kwatangwalo, har tashi daga tsugune ya gagara. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga raunin ƙashi, ga saurin kamuwa da cuta. Idan kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, yin haka ma haɗari ne. Ki je asibiti a rage miki a hankali. A ɗaya gefen akwai masu hana kansu abinci don su hau keke su rame. Jikin da ke aiki ba a ba shi abinci ba, al'ada ce ke fara rikicewa ko ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, jini ya ragu. Ki ci tuwonki, ki ci wake da ƙwai da gyaɗa da zogale, ki sha nono. Idan al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki ba, ki ga likita.

Yanzu mu zo kan kaya, wanda a gaskiya shi ne tushen kukan. Matan Turai da Amurka masu hawan keke, babban ƙorafinsu wandon jins ne: wanda ya wuce cinya sai ya yi musu yawa a ƙugu, wanda ya zauna a ƙugu sai ya ƙi wuce cinya. Suna ɗauka jikinsu ne ya lalace, alhali matsalar a wajen awon take. Kayan kanti ba don ke aka yanka su ba, an yanka su ne don wata mace ta lissafi, wadda tazarar ƙugunta da mazaunanta ƙayyadaddiya ce. Asalin lambobin da Amurka ta fara amfani da su ya fito ne daga wani awo da Ruth O'Brien da William Shelton suka jagoranta, aka buga a 1941. An auna mata kusan 15,000, amma na fararen fata kaɗai aka yi lissafi da su. A kansa aka gina ma'aunin hukuma na 1958, wanda aka janye a 1983, kuma tun daga nan kowane kamfani ke yin lambarsa yadda ya ga dama. Lamba 12 ta wannan kamfani ba ita ce 12 ta wancan ba. Don haka idan kin ɗaga wando a wajen masu gwanjo ko a kanti ya ƙi ki, babu abin da ya faɗa game da jikinki.

Mu kuwa muna da abin da su suka rasa sai masu kuɗinsu: tela a kowace unguwa, mai ɗaukar tef ya auna ki ke kaɗai. Wannan ni'ima ce, amma mun fara juya ta baibai. Za ki ga yarinya ta sa an yi mata ɗinkin da ya kama ta ƙam, na atamfa ko leshi mai shafi, waɗanda ba sa miƙewa ko kaɗan, sannan ta mayar da wannan ɗinkin alƙalin jikinta. Ranar da zif ya ƙi hawa sai ta daina cin abincin dare. Siket mai matse cinya, ƙarin santimita 2 ya isa ya hana shi zama, kuma jikin mace yana yin wannan sauyin shi kaɗai tsakanin farkon wata da ƙarshensa, ko tsakanin azumi da bayan salla, ko keke ko babu keke. Iyayenmu da ke ɗaura zani ba su san wannan damuwa ba, domin zani yana bin jiki duk yadda ya wayi gari.

Idan za ki je wajen tela, ki sa a sake auna ki, kada ki ce a duba tsohon awo a littafi. A auna ƙugu daban, mazaunai daban, cinya daban a wurin da ta fi kauri. Ki gwada kayan a zaune da a tsugune kafin ki karɓa, domin cinya tana faɗaɗa idan an zauna. Ki roƙa a bar miki rara a cikin ɗinki ta kowane gefe yadda za a iya saki nan gaba, kuma ki karɓi ragowar ƙyallen ki adana. Kayan kanti kuma, ki sayi wanda ya wuce wurin da ya fi faɗi a jikinki, sannan a rage miki ƙugun. Ragewa aikin 'yan mintuna ne, ƙari kuwa sau da yawa ba ya yiwuwa.

Ba ku ne farkon waɗanda suka yi wannan fama ba. Lokacin da keke mai tayoyi biyu kusan daidai da juna ya fito a Ingila a 1885, kuma mata suka rungume shi a shekarun 1890, dogayen siket masu nauyi suke sawa, suna naɗewa a feda da sarƙa suna kayar da su. Wasu likitocin zamanin har sun riƙa gargaɗin cewa keke zai ɓata wa mace fuska ya kuma lalata mata lafiya, maganar da ba ta tabbata ba. Wasu matan suka koma sa wando mai faɗi, suka sha jifa da zagi a titi. Wadda ta fi burge ni a cikinsu wata tela ce a Landan, Alice Bygrave, wadda a 1895 ta yi rajistar wani siket da ta ƙirƙira mai igiyoyi a ɓoye cikin ɗinki: idan za a hau sai a ja ya tattare, idan an sauka a sake shi ya koma dogon siket kamar na kowa. Ba ta ce mata su bar keke ba, ba ta kuma ce su bar suturarsu ba. Allura da zare ta ɗauka.

Haka nake so ku yi tunani game da sutura. Wanda ya je Wagadugu ko Tamale ya ga mata, har da Musulmi masu lulluɓi, suna taka keke zuwa kasuwa da gona da makaranta, kuma ba abin kallo ba ne a can. A jihar Bihar ta Indiya, gwamnati ta fara ba 'yan mata 'yan aji 9 kuɗin sayen keke a 2006, kuma binciken Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya nuna shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin 100. Da riga da wandonsu na gargajiya suke hawa. A wajenmu riga da wando irin na Pakistan, ko doguwar riga zuwa gwiwa da wando mai ɗan faɗi wanda ƙafarsa ta tsuke a idon sawu, sun wadatar. Abin da ba na so ki yi wasa da shi shi ne dogon hijabi da gyale da bakin abaya. Duk mun san labarin matan da hijabinsu ya shiga tayar acaɓa ya fizgo su ƙasa, kuma tayar keke ma tana yin haka. Ki sa hijabin da bai wuce ƙugu ba, ko ki tattare dogon ki soke shi da kyau. Ki nemi keken mata, wanda ba shi da sanda a tsakiya, mai murfin sarƙa, kuma ki sa mai gyara ya ɗaura miki raga a gefen tayar baya. Kekunan Holan haka suke zuwa tun daga masana'anta, don dogayen riguna.

Na san a garuruwanmu da yawa budurwa a kan keke a titi abin magana ne, kuma ba zan ce ki yi fito-na-fito da iyayenki ba. Idan Umma ta hana, yawanci tsoro ne: na mota, na bakin mutane, da kuma wanda ba a cika furtawa ba, wato kada keke ya taɓa budurci ko haihuwa. Zama a kan sirdi ƙasusuwan zama yake dannawa da wajen jiki, ba ya kaiwa ga mahaifa, kuma ba ya hana haihuwa. Raunin da ake samu a wannan wurin daga faɗuwa a kan sandar tsakiya yake zuwa, wanda shi ne ƙarin dalilin zaɓar keken mata. Ki yi wa Umma bayani cikin ladabi, in da hali ki tafi da ita wajen likita mace ta ji daga bakinta. Ki tuna mata ruwayar Abu Dawud cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Idan duk da haka titi bai samu ba, harabar makaranta ko keken ɗaki aikinsu ɗaya ne a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, 'yan ƙasa da shekara 18 kuma awa ɗaya kullum. Sai dai keke ba ya ƙarfafa ƙashi kamar tafiya da gudu da tsallen igiya, don haka kada ki bar su.

Yadda kika daidaita keken yana da tasiri a kan cinyar fiye da yadda ake zato. Masu koyo suna son sauke sirdi ƙasa sosai don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, kuma wannan yana jibga aikin duka a gaban cinya da gwiwa. Ki ɗaga shi har ya zama idan kin ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarki ta miƙe sak. Da kin mayar da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, nan ne daidai. Idan keken mai giya ne, ki zaɓi mai sauƙi ki juya da sauri, maimakon mai nauyi da za ki riƙa dannawa da ƙarfi, musamman a hawa. Sirdi ya zama mai faɗin da ƙasusuwan zamanki za su hau kansa, domin na mata yawanci sun fi na maza tazara. Idan cinyoyinki na gogar juna, ki shafa man kaɗanya ko Vaseline kafin ki fita, ki guji wando mai kaurin ɗinki a tsakiya, kuma ki cire kayan da suka jiƙe da gumi da kin dawo.

A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ki hau da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa a tare da ke. Mai sikila ko ciwon zuciya ta fara jin ta bakin likitanta. Akwai kuma cikar cinya iri biyu da ba ta keke ba ce, ba ta abinci ba ce. Idan ƙafafu biyu suka yi kauri daga ƙugu zuwa idon sawu amma tafin ƙafa bai kumbura ba, suna ciwo idan an taɓa, suna saurin tara jini, kuma rage abinci bai rage su ba, wata lalura ce ta kitse da ke samun mata kusan su kaɗai, tana buƙatar likita. Idan kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi tana zogi, musamman bayan haihuwa ko doguwar tafiya a zaune ko ga mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, kada a murza ta, kada a hau keke da ita. Jini ne zai iya daskarewa a jijiya, a tafi asibiti a ranar.